Ranar da Aka Sa Yaya Ta Tsallake Autarmu

Mu uku ne muka kama haya a ƙasar waje, a wata unguwa da ake kira Taman Melati, can sama a wani dogon bene mai kallon layin jirgin ƙasa. Dukanmu Kiristoci ne 'yan arewa, kuma iyayenmu ne suka turo mu karatu. Ni daga cikin garin Kaduna na zo. Ƙaramarmu 'yar kudancin Kaduna ce, tana cikin mawaƙan majami'a, ga surutu ga tsoron kyankyaso, muna ce mata Auta. Babbarmu kuma 'yar Filato ce, tana karanta zanen gine-gine, muna ce mata Yaya. Ita ta samo mana gidan, ita ta koya mana yadda ake cewa "tapau" idan ana so a ƙunshe wa mutum abinci a shagon mamak, wato gidan abinci na Musulmi 'yan asalin Indiya. Idan ɗayarmu ta kwanta ciwo, Yaya ce ke dafa farfesu ta zauna a bakin gado.

Muna cikin shekara ta biyu aka harbe ƙanin Yaya a hanyar dawowa daga gona. Ba ta samu zuwa gida ba, a waya ta kalli jana'izar, hoton yana tsayawa yana tafiya. 'Yan zumuntarmu na majami'a sun zo gaisuwa, suka yi waƙa, suka ce nufin Allah ne. Ta yi musu godiya, ta raka su har bakin lif. Daga wannan Lahadin ba ta ƙara zuwa sujada ba. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, ba ta kuma yi gardama da kowa a kan addini ba. Ta dai daina zuwa.

Bayan wasu watanni na fara jin ƙamshin wani turare daga ɗakinta. Wata rana da na shiga aron dutsen guga, na ga ta shirya ƙaramin tebur a jikin taga: hoton ƙaninta, kyandir, kofin ruwa, ɗan gishiri a murfin kwalba, da wata 'yar wuƙa mai baƙar ƙota. Na tsaya ina kallo. Ta ce in bari mu je mu ci gurasar roti a ƙasa, za ta faɗa mini.

A shagon mamak ta ba ni labarin. Ta je unguwar Sri Petaling wurin 'yan ajinsu, ruwa ya tsare ta, ta fake a wani kedai, wato shago, da ke saman bene inda ake sayar da kyandir da duwatsu masu launi. Mai shagon wata 'yar Sin ce mai furfura. Ta ba ta shayi, ta tambaye ta wa ya rasu mata. Yaya ta ce tun da abin ya faru, wannan matar ce ta fara tambayar ta yadda yaron yake, me yake so, me yake ba shi dariya. Ita ce ta ce mata ta ajiye masa wuri a ɗaki, ta riƙa yi masa magana.

"Sunan abin Wika," in ji Yaya. "Addini ne, amma ba hanya ɗaya ba ce. Kin ga yadda muke, ga masu fada mai doguwar riga da turare, ga masu ganga da faɗuwa ƙasa, kowa yana ganin shi ne a kan daidai? To haka suke."

Ta ce mai shagon ita kaɗai take yin nata, ba ta da shugaba ba ta da jama'a. A kicin take komai, da citta da gishiri da ganyen shayi, tana lura da fitowar wata da raguwarsa. Akwai kuma 'yan tsohon gida, waɗanda ba a shiga cikinsu sai wani ya shigar da kai, shi ma wani ne ya shigar da shi, har a kai ga wani Bature da aka ce ya taɓa aikin gwamnati a wannan ƙasar tun zamanin mulkin mallaka. Suna da matakai, suna rantsuwar riƙe asiri, maza da mata suke haɗuwa, suna bauta wa uwargijiya ta wata da wani ubangiji mai ƙaho.

Na ajiye cokali. Na ce, "Mai ƙaho? Yaya, kin san wanda aka ce yana da ƙaho."

Ta yi murmushi ta ce, "Barewa ma tana da ƙaho. Na dawa suke nufi."

Ta ce ta je wurin 'yan tsohon gidan, wani dattijo ya yi mata tambayoyi, ya ce sai ta yi shekara tana karatu tana jira kafin su duba ko ta dace. Sai kuma wata ƙungiya ta mata zalla, wadda wata lauya 'yar asalin Indiya ke jagoranta. Su ba ruwansu da ubangiji namiji ko kaɗan, uwargijiya kawai suka sani. Ban da waɗannan akwai yara masu tasowa da suka koya a waya, suna tsintar wannan daga nan, wancan daga can. 'Yan tsohon gida suna cewa sauran wasan yara suke yi. Matan suna cewa 'yan tsohon gida sun sake gina majami'a ne da wani suna. Mai shago kuwa cewa take duk su yi ta yi, ita ruwan shayinta ya tafasa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan da suke kiran kansu da shi da Turanci. Idan aka juya shi zuwa Hausa, babu wata kalma sai mayu. Ni kuwa na taso na san maye shi ne mai kama kurwar mutum ya cinye, kuma ana shan abin a nono. Ina ƙarama na ga an jawo wata tsohuwa a unguwarmu ana jifa, yara na bin ta da waƙa. Na faɗa wa Yaya haka.

Ta ce, "Ba abu ɗaya ba ne. Ƙa'idarsu ma ita ce kada ka cuci kowa, abin da ka aika zai dawo maka. Kalmar ce kawai ta zo ɗaya."

Na ce, "Ni na ji. Amma kada ki bari Auta ta ji."

Sau ɗaya na bi ta taron matan nan, don in gani da idona. A bakin tafkin Titiwangsa aka yi, da yamma bayan ruwa ya ɗauke. Wanda ya wuce zai zaci liyafar ƙawaye ce: tabarmi, kankana, lemo, furanni a faranti. Suka riƙe hannun juna, lauyar ta juya gabas da yamma da kudu da arewa tana wasu kalmomi a hankali, sannan kowace ta ambaci sunan wanda ya rasu mata. Da aka zo kan Yaya ta faɗi sunan ƙaninta, sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba. Suka bar ta ta yi har ta gaji. Ban ga wani abin tsoro ba. Abin da ya ɓata mini rai kawai shi ne wata Baturiya da ta matso bayan an tashi, tana roƙon Yaya ta koya mata asirin mutanen Afirka, wai ta ji namu ya fi ƙarfi. Yaya ta ce mata ita ba ta san komai ba sai zanen gini.

Ashe ɗaya daga cikinsu ta ɗauki hoto ta sa a shafinta, ta rubuta waccan kalma a ƙasa. Ban san ta inda ya bi ba, amma ba a jima ba hoton ya faɗo guruf ɗin 'yan zumunta. Fuskar Yaya ta fito sarai, furanni a kanta. Ni ina gefe, bishiya ta kare ni.

Auta ta dawo daga makaranta ta wuce ɗakin Yaya kai tsaye, ta ga teburin, ta fito tana kiran sunan Yesu. Ta kwashe tukwanenta daga kicin ta kai ɗakinta. Ta daina cin duk abin da Yaya ta taɓa. Ta shafa man addu'a a ƙofofi. Yaya ta yi ta haƙuri, har ranar da ta dawo ta tarar Auta ta shiga ta kwashe kayan teburin ta zuba a shara, har da hoton. Yaya ta tsamo hoton a cikin ɓawon albasa, ya jiƙe. Ta tsaya a ƙofar Auta ta ce, "Ki kiyaye ni. Wallahi ki kiyaye ni." Magana ce da kowa ke faɗa idan ransa ya ɓaci. Amma Auta ta ɗauki muryar a waya ta tura wa mahaifiyarta.

A satin nan ne masu feshin maganin sauro suka zagaya benenmu, domin an samu masu zazzaɓin dengi a hawa na ƙasa. Cikin satin kuma Auta ta kwanta. Zazzaɓi mai zafi, ciwon bayan ido, gaɓoɓi kamar ana karya su. Na kai ta wani ƙaramin asibitin unguwa, aka ba ta magani aka ce ta dawo a duba jininta. Ba ta koma ba. Mahaifiyarta ta kira daga gida ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, kada a kuskura a yi mata allura. Ga shi kuma idan zazzaɓin ya hau, Auta sai ta yi ta kiran "Yaya, Yaya." Ni na san dalili, wadda ta saba jinyar ta take nema. Amma a wurin mutanenmu, idan mara lafiya ya kama sunan wani, magana ta ƙare.

Matar shugaban zumuntarmu, wadda duk muke kira Mama, ta zo da wasu mata. Mutuniyar kirki ce, ta sha ciyar da mu tuwo a gidanta lokacin Kirsimeti. Suka cika falo da addu'a tun safe. Yaya ta kulle kanta a ɗaki. Zuwa rana zazzaɓin ya sauka, matan suka fara godiya, amma Auta sai amai take, tana riƙe ciki, hannayenta sun yi sanyi. Da na goge mata baki na ga jini a dasashinta, ga jajayen ɗigo a cinyoyinta.

Na buga wa Yaya ƙofa na faɗa mata. Ta fito ta tsaya daga nesa ta ce, "Mama, don Allah a kai ta asibiti yanzu. Dengi ne. Idan zafin ya sauka haka ne ya fi haɗari."

Mama ba ta kalle ta ba. Mahaifiyar Auta tana kan waya ana ganin fuskarta, ta fasa ihu: "Ke ce! Ki sakar mini 'yata! Me ta yi miki? Ki tsallake ta, ki sake ta!"

Na ce zan kira motar asibiti. Auta ta buɗe ido ta riƙe ƙarfen gado ta ce, "Ba inda za ni. Ko sun zo ba zan bi su ba, sai ta sake ni." Ta yarda da abin har zuciyarta, tsoro ne fal a idonta. Ba yarinya ba ce da za a ɗauka da ƙarfi.

Yaya ta koma ɗaki, na bi ta. Ta zauna a ƙasa ta fara kiran mutanenta ɗaya bayan ɗaya, ina ji. Dattijon tsohon gida ya saurara, ya ce ya tausaya mata, amma ita ba tasu ba ce tukuna, kuma yana roƙonta kada ta ambace su ga kowa, domin a ƙasar nan a ɓoye suke. Lauyar ta ɗau zafi. Ta ce kada ta yarda ko da wasa, irin wannan ne aka yi wa mata a da har aka ƙone su, ta tsaya da ƙafarta ta yi alfahari da sunanta. Mai shago ta ce ita ba ta san al'adarmu ba, za ta kunna kyandir, "amma yarinyar nan asibiti take buƙata."

Yaya ta ajiye wayar. Ta ce mini, "Idan na ƙi ta mutu, ni na cinye ta. Idan na yi ta warke, ni na kama ta."

Na ce, "Yaya, ki yi tunanin gida."

Ta ce, "Shi nake yi." Daga falo muna jin Auta tana kakarin amai. Sai ta miƙe.

Ta ce wa Mama za ta yi, da sharaɗin ana gamawa a tafi asibiti, kuma uwar ta faɗa da bakinta. Uwar ta yarda. Ta ce a al'ada tsirara ake yi. Nan Mama ta sunkuyar da kai ta ce, "Mu masu bi ba mu san wannan ba. Don hankalin uwar ya kwanta ne kawai. A bar ta da zane." Aka sauko da Auta kan tabarma a tsakar falo. Yaya ta cire riga ta ɗaura zane a ƙirji. Ta tsallake ta, ta juyo ta sake tsallakewa, uwar tana ƙirgawa ta waya. Aka miƙo kofin ruwa aka ce ta kuskure baki ta mayar, aka ɗaga kan Auta aka ba ta. Ba wanda ya yi waƙa. Wata daga cikin matan ta ɗaga wayarta tana ɗauka, na ce ta bari, ta juya mini baya.

Yaya ce ta kira mota da wayarta, tun ba ta mayar da riga ba. Ba su bari ta bi mu ba.

A asibiti likita ta yi mana faɗa sosai, ta ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Aka sa wa Auta ruwa, aka kwantar da ita. Ta yi kwanaki, ta fara shan kunu, ta tashi. Lahadin da ta koma majami'a ta ba da shaida a gaban jama'a cewa Ubangiji ya ƙwato ta daga bakin mayya. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Na tashi na ce likita ta ce dengi ne, ga sakamakon jini. Wani ɗan'uwa ya ce mini, "Sista, ai maye ba ya zuwa da hannu wofi, ciwo yake shiga." Mama ta ja ni gefe ta ce in nemi wani gida.

Hoton tsallakar ya riga ya isa Filato. Mahaifiyar Yaya tana sayar da gwate da masa a bakin kasuwa tun Yaya na goye. Masu saye suka ɗauke ƙafa. Dangin saurayin ƙanwar Yaya suka aiko a dakata da maganar aure, daga nan ba su sake waiwayowa ba. Mahaifinta ya kira, ina zaune kusa da ita. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "A zuriyata babu wannan abu. Ki faɗa mini inda kika sha shi." Ta yi ta bayani, ta ce addini ne na Turawa, ta ce kyandir ne da addu'a, ta ce don a kai yarinya asibiti ta yi. Ya ce, "Kin tsallake ta ko ba ki tsallake ba? Ta tashi ko ba ta tashi ba?" Bayan haka ya daina turo kuɗin makaranta, ya kuma ce mahaifiyarta ta koma gidan 'yan'uwanta har a ga yadda hali zai yi.

Auta ta tashi daga gidan tun kafin nan. Ni da Yaya muka rage. Ta daina zuwa aji. Lauyar ta kira ta, tana so ta zo taro ta ba da labarinta don sauran mata su ji, Yaya ta ce a'a. Mai shago ta zo har gida da miya a roba, ta wanke mana kwanuka ta tafi. Yaya ba ta sake shirya teburin ba. Wata rana muna shanya kaya ta ce mini, "Su sunan nan riga ce, sun gani sun so sun saka, in sun ga dama su tuɓe su tafi ofis. Ni da uwata a fata aka ɗinka mana."

Takardar zamanta a ƙasar ta dogara ga makaranta, don haka dole ta tafi. Na raka ta tashar jirgin da ke zuwa filin jirgin sama. Ta rame har wuyanta ya fito. Ta ce ba Jos za ta ba, za ta sauka Legas wurin wata da suka yi sakandare. Mun yi ta magana a waya na ɗan lokaci, ta ce tana aiki a wani shagon buga takardu. Daga baya lambar ta daina shiga.

Na haɗu da Auta sau ɗaya a tashar Titiwangsa, ta yi ƙiba ta yi kyau. Ta rungume ni, ta tambayi karatu. Da na ambaci Yaya ta ce, "Ni na yafe mata. Ina sa ta a addu'a kullum." Jirginta ya zo, ta shiga.

Da na gama karatu na koma gida, na shiga mota na je Filato neman mahaifiyar Yaya. Na same ta a ƙauyensu, a wani ɗaki can bayan gidan wanta, nesa da inda yara ke wasa. Tana tsince acca a faifai. Na gaishe ta na faɗa mata ko ni wace ce. Ta ce rabonta da jin muryar 'yarta an daɗe, sai dai wani lokaci a aiko mata da saƙo ta hannun direba, babu lamba babu adireshi. Na ba ta labarin ranar tun daga farko, na faɗa mata abin da likita ta ce, na ce 'yarta ce ta ceci yarinyar. Ta saurara har na gama, hannunta bai daina tsinta ba.

Sai ta matso da kujerarta, ta rage murya ta ce, "'Yata, ke da kika yi karatu a waje, in tambaye ki. Mutum zai iya zama da abin nan a cikinsa bai sani ba? Ni na shayar da ita. Ni na shayar da wanda aka kashe. Kullum ina kwana ina tunani, ko ni ce."

Na ce, "Mama, ba ke ba ce. Babu komai a jikinki, babu komai a jikinta."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To." Ta ci gaba da tsintar accarta. Can ta ce in tashi in kama hanya tun da sauran rana, domin hanyar ba ta da kyau idan yamma ta yi. Ta raka ni iyakar bakin zaure, ta ce daga nan ba ta wucewa.